Ɗakin Ningsih

Wonokerto, Satumba 1996

Zuwa ga matata Warsini,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a Jidda, yaya zafi, yaya tsohuwar da kike jinya? Mu nan lafiya lau. Mbok, mahaifiyata, tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi. 'Yarmu Ningsih ma lafiya, ta kusa gama makaranta.

Dik, abar ƙaunata, kuɗin da kika aiko sun iso, kuma ginin ɗakin Ningsih ya kai linta. Sai dai shekaranjiya wasu mutum biyu sun zo daga ƙaramar hukuma da igiyar awo. Sun ce tun da aka zuba kwalta a hanyarmu ƙauyen ya shiga cikin gari, don haka duk mai ƙara ɗaki sai ya biya harajin raya gari kafin a ba shi izini. Na ce filin na ubana ne. Babbansu ya yi dariya ya ce, “Fili naka ne, malam, amma kwaltar ta ubanka ce?” Suka shafa jan fenti a bangon, suka sha shayin da Mbok ta kawo musu, suka tafi.

Magina sun kwashe kayansu. Ban yi faɗa da kowa ba. Kada ki damu, zan je ofishin.

Mijinki,
Tarjo

Wonokerto, Janairu 1997

Zuwa ga Warsini,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan azumi ya same ki lafiya, kuma suna barinki ki huta da rana. Mu muna nan.

Na biya, Dik. Kuɗin rufin ne na kai, da bai isa ba na sayar da saniya na cika. Da na koma karɓar izinin sai matar da ke tebur ta ce an yi kuskure, awon farko na gidan katako ne, namu kuwa na bulo ne, kuɗinsa daban. Ta faɗa tana cin gyaɗa, ba da wulaƙanci ba. Na tambaye ta me ake yi da kuɗin. Ta ce magudanar ruwa da fitilun titi. Na ce to.

Na je wajen dagaci. Ya ce shi ma barandarsa haka aka yi mata. Na sare itacen jati, mai katako mai tsada, da babanki ya shuka mana a bayan gida, na sayar na biya ragowar. Ki yi haƙuri ban fara tambayarki ba.

Damina ta sauka sosai. Ruwa yana kwana a cikin ginin, bulon ƙasa ya yi kore. Ningsih har yanzu a gadon Mbok take kwana, da littattafanta a ƙarƙashin katifa. Ba ta taɓa yi mini maganar ɗakin ba. Ni ma idan zan tafi gona ta ɗaya ƙofar nake fita.

Abu ɗaya nake roƙonki. Idan wa'adinki ya cika bayan sallah, ki dawo. Kada ki ƙara musu ko wata ɗaya saboda rufi.

Mijinki,
Tarjo

Wonokerto, Yuni 1997

Zuwa ga Warsini,

Ina gaishe ki. Allah ya sa kina lafiya. Mbok tana nan, idonta ne ya soma ja baya.

Na ga wasiƙarki, na ga kin ƙara musu shekara biyu. Ban ji haushi ba. Na karanta, na ninke, na tafi ban ruwa.

Izinin ya fito. Yaron ofis ya kawo shi har gida, ya ce yanzu ina iya goge jan fentin. Ban goge ba, babu siminti, babu katako.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ningsih ta ci jarrabawa, ta zo ta uku a makarantarsu. Washegari ta je wajen Darmo, dillalin da ya tura ki, ba tare da na sani ba. Ya samo mata aiki a masana'antar safar hannu a Maleshiya. Ta kawo mini takardar amincewar uba ina cikin cin abinci. Na ce karatun fa? Ta ce, “Baba, in na tafi, Mama za ta dawo da wuri. Mu biyu rufin ba zai yi wuya ba.” Na ce ɗakin ai domin ke ake yin sa. Ta ce ta sani.

Na san abin da ya kamata in yi. Ya kamata in yaga takardar, in je in shaƙe Darmo. Na jira fushi ya zo mini, bai zo ba. Na wanke hannuna na sa hannu.

Jirginsu farkon watan gobe. Na saya mata jaka a kasuwa, baƙa, mai zif. Ban san abin da ake sa wa mutum a ciki ba, lokacin tafiyarki ke kika haɗa kayanki. Idan wasiƙar nan ta same ki da wuri, ki rubuto mini.

Mbok tana gaisuwa. Ba mu faɗa mata ba tukuna.

Mijinki,
Tarjo