'Yan Tsakin Saman Bene

Damanhur

Zuwa ga 'yata Tahani,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya nauyin jiki? Yaya ƙafafun, sun daina kumburin? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya sako mu gaba.

Ki yi wa mijinki Midhat godiya. Tun da ya canza mana ƙwayayen fitila gidan ya yi fes, ina zura zare a allura ba sai na kira kowa ba, mitar wutar ma ta rage gudu. Allah ya yi masa albarka.

Sai dai alherin nasa ya hau har saman bene. Kin san 'yan tsakin da na saya domin romon jegonki? Tsohon ƙwan fitilar da ke cikin kwalinsu ai ba don haske na rataya shi ba, don ɗumi ne. Ya cire ya sa sabo, mai haske kamar rana, amma ko ka damƙe shi a hannu ba ka jin zafi. Da safe na tarar sun cure a kusurwa, uku sun mutu. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Mai shagon unguwa ya ce irin na da sun fiye shan wuta, an daina kawo su. Kada ki gaya wa Midhat, yaron da zuciya ɗaya ya yi.

Mamarki, Nawal

Zuwa ga Tahani,

Ina gaishe ki, ina gaida na cikin ciki. Kwantar da hankalinki, sauran sun rayu.

Babanki, wanda tun aurenmu yake mitar na mai da masa gida akurki, shi ya kwaso su ya zuba a ƙirjin jallabiyarsa ta ulu. Ya daina zuwa shagon shayi. Yana zaune yana karatun jarida, ƙirjinsa na ciu-ciu, in na yi dariya ya harare ni wai zan firgita masa yara. Haka aka yi har suka yi gashi. Yanzu sun zama kaji, ƙiba har ba sa iya gudu, raina fari tas.

Jiya na ɗauko wuƙa in wasa, ganin watanki ya tsaya. Ya tare ƙofar bene, ya rantse ba mai taɓa masa su, duk ya raɗa musu suna.

Saboda haka, 'yata, ki ce wa Midhat ya biya kasuwa ya sayo kajin jego.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mamarki mai kewarki, Nawal