Rufin gidan Kaka da sa hannuna

Goggo Marlene, ki taimake ni, saura kwana goma sha ɗaya a rufe karɓar takardun haraji.

A watan Mayu na gama digirin akanta. Ko jarrabawar lasisi ban zauna ba, amma a gidanmu na riga na zama gwana. Shekara shida ke nan kakata ta saka gidanta da kuɗin ajiyarta a amanar da ba a warwarewa, wato sun fita daga hannunta har abada, ko da yake tana zaune a gidan kyauta. Kawu Duane ne mai riƙon amanar. Ran Lahadi bayan coci ya dire min kwalin takalmi cike da rasit, ya ɗora dala hamsin a kai, wai ladana, don sunana ya fito a matsayin wadda ta shirya takardar.

Na jera su a kan gado, guda 214. Sabon rufi, dala 18,400. Harajin gida, 3,912. Sai gas na ɗumama ɗaki, inshora, mai kwashe ƙanƙara a ƙofa, da hatsin tsuntsaye na dala 96. Kawu yana so a cire duka daga ribar kuɗin ajiyar da za a yanka wa haraji. Na karanta ƙa'idar sau uku. Gidan ba na haya ba ne, don haka harajin gida kaɗai na ga yana ciruwa. Da na faɗa masa sai ya yi dariya: "Ke 'yar boko, shekara biyar ina cirewa, wa ya taɓa ƙwanƙwasa min ƙofa?" Kaka, wadda ba ta tsallaka titi sai fitila ta ba ta hannu, ta ce ai tsuntsayen na gidan ne. Mama kuwa ta tuna min su wa suka yi karo-karon kuɗin makarantata.

In na sa hannu, da ƙarya zan buɗe aikina. In na ƙi, ban san da wane ido zan zauna a teburin cin abincin Lahadi ba.

Mai Kwalin Rasit, Duluth

'Yata,

Karatunki daidai ne, ba sai kin yi na huɗu ba. Gas, inshora, ƙanƙara da tsuntsaye hidimar zama ce, ba sa ciruwa. Rasit ɗin rufi ki adana shi, zai rage haraji ranar da aka sayar da gidan. Ki fara ba kawunki wannan albishir, yana son jin an rage wani abu.

Kada ki mai da shi ɓarawo. Mutumin da ya yi shekara shida yana riƙon amanar gidan, har da neman mai gyaran rufi, ba a biya shi ko sisi ba, ya cancanci a yi masa magana da ladabi. Sai dai shirun hukuma ba yarda ba ce, wataƙila layi ne bai zo kansa ba.

Ki mayar masa da hamsin ɗinsa, sunanki ya fi haka tsada. Ku kai kwalin, da takardun shekarun baya, wurin akanta mai lasisi wanda ba ya cin abinci a gidanku. Abin da kika faɗa kyauta aka yi dariya, in baƙo ya faɗa a dala ɗari huɗu za a gyaɗa kai.

Ki je wurin kawunki ran Talata, ke da shi kaɗai, ba a gaban Kaka ba. Za a yi miki fushin mako biyu ko uku, ki yi amfani da shirun ki yi bitar jarrabawa. Allah Ya ba ki sa'a.

Goggo Marlene