Kwanson Harsashi A Cikin Akwatin Surukata

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, manya da ƙanana. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, na san wasu daga salon maganar ma za su ce ai wane ne, to ko kun gane ku yi kamar ba ku gane ba. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, domin yau Alhamis, abin da nake tsoro kuwa ranar Asabar da safe zai faru.

Ni magidanci ne, na haura hamsin, ina zaune a unguwar Camberwell a nan ƙasar Turawa da maiɗakina. Aikina gyare-gyare a wani babban gini, boiler mai dumama ruwa, famfo, injin wanki, duk abin da ya yi gardama ni ake kira. Halina kuma kowa ya sani, barkwanci da ƙarin gishiri, in na ga ɓera sai in ce ɗan maraƙi na gani. Ni ne na gaya wa surukata Hajiya cewa dilan da ke tone shara a bayan flat ɗinmu kura ce council, wato ƙaramar hukuma, ta ajiye don gadi, baiwar Allah ta yi sati ba ta leƙa taga ba. Na faɗi wannan ne don ku gane yadda bakina ya ci ni.

A wurin aiki akwai wani dattijo Bature, bari in kira shi Tsoho, mutumin kirki, shekara tara muna shan shayi tare. Shi sha'awarsa harbin allo da bindiga, yana cikin wata ƙungiya a wajen gari, da lasisinsa da komai a kan doka. Idan sun gama harbi sai ya tsince kwanson harsashin, wato ɓawon tagullar nan da ke faɗowa babu komai a ciki, ya wanke ya sake amfani da shi. Wata rana yana ta mita injin wanke kwanson ya mutu. Ni da bakina na ce masa a garinmu ko jirgin sama ya lalace da waya da ƙusa muke tayar da shi, wannan ai aikin minti biyar ne. Tsoho bai san ƙarin gishiri ba, washegari sai ga shi da jaka cike da kwanso baƙi ƙirin, wai in gwada da su. Na tambaye shi ko akwai matsala, ya ce babu albarushi babu komai, tagulla ce kawai.

Kunya ta hana ni ja da baya. Na ciro mota, wato ɗan injin da ke juyawa, daga wata tsohuwar na'urar busar da kaya da aka yar, na samo bokitin roba mai murfi, na kwantar da shi a kan tayoyin keken jarirai, na haɗa da bel. A zuba kwanso, a zuba ruwa da sabulun wanke-wanke da ɗan tsami, a bar shi yana juyawa. Na ajiye shi a ɗan ɗakin da muke tara kaya, yana ta gurnani kamar raƙumin da aka hana abinci. Gwajin farko murfin ya fice, kumfa ta kai har falo. Na uku kuwa jama'a, kwanson nan ya fito yana walƙiya, wallahi da kun gani sai ku ce daga Dubai aka yi odarsa. Na ji kaina kamar injiniyan da duniya ta manta da shi.

Maiɗakina ta tambaya, na ce mata noti da ƙusoshin wurin aiki nake wankewa. Dalilin ƙaryar shi ne, shekara huɗu da suka wuce 'yan bindiga sun harbe babban wanta a hanya, ɗan farin Hajiya. Tun daga nan ko a talabijin aka nuna bindiga sai ta tashi. Hajiya kuwa da ta zo mana ganin likita, lokacin wasan wutan nan na Turawa na kaka, mai ƙara kamar bindiga, ya same ta a nan, duk ƙara ɗaya sai ta yi salati, sai da muka rufe tagogi muka kunna mata karatu. To a gidan da ke da irin wannan ciwon ni kuma na kawo wannan kayan, ban san me ya shiga kaina ba.

Da na gama sai na rasa inda zan ɓoye su kafin Tsoho ya dawo daga hutu. A gidanmu babu lungun da hannun maiɗakina ba ya kaiwa, amma abu ɗaya ne ba ta taɓa buɗewa, saƙon mutane. Kun san yadda muke yi, a naɗe kaya da salatif, a rubuta suna da alƙalamin maka, shi ke nan ya zama amana. Sai na ɗauko babban gwangwanin alewa, na zuba kwanson, na cusa tsohon tawul don kada ya yi ƙara, na naɗe shi tam, na rubuta da manyan baƙi, SAƘON KANO, A BA KAWU. Na ɗora a saman shelf, wato kantar ajiye kaya, ina yaba wa kaina wayo, har da cewa ko 'yan sandan ciki ba su kai ni dabara ba.

Na manta Hajiya za ta koma gida. Ranar Lahadi ina wurin aiki, ita da maiɗakina kuma suka dawo daga sayen tsaraba a Old Kent Road suka haɗa kaya. Maiɗakina ta ga gwangwanin, ta ce Allah sarki ashe ya tuna da kawunsa, ta sa shi a babban akwatin Hajiya. Da aka ɗora a sikeli nauyi ya wuce, sai Hajiya ta cire bargon da ta saya wa kanta don saƙona ya samu wuri. Aka datse da kwaɗo, ta zura makullin a zaren da take ratayawa a wuya. Da yamma ɗanta Dokta, wan maiɗakina da ke Stratford, ya zo ya ɗauke ta da kayanta, a can za ta zauna har ranar tafiya, wato Asabar, shi zai kai ta filin jirgi.

Ni ban sani ba sai Talata, da Tsoho ya dawo na miƙa hannu saman shelf na ji wayam. Na tambaya, maiɗakina ta ce tana murmushi, ai saƙon Kawu ya yi gaba, ba sai ka gode ba. Na je na gaya wa Tsoho, mutumin da dama fari ne ya ƙara fari kamar an shafa masa alli. Ya ce shi a gida ba ya jin komai, amma filin jirgi wata duniya ce, na'ura za ta gani, kuma idan ba a gani a nan ba aka gani a can gida, wannan ma bai san yadda za a yi ba. Ya ce in kira surukan nawa yanzu yanzu. Shi a wurinsa magana ce ta ɗaga waya, bai san mene ne surukuta ba.

Tun ranar hoto ɗaya ke yawo a kaina. Tsohuwa mai hawan jini, ba ta jin Turanci, an tambaye ta ke kika haɗa kayanki, ta ce e, wani ya ba ki saƙo, ta yi shiru don rufa wa surukinta asiri. A buɗe gwangwani a gabanta, ta ga irin abin da aka tsince a wurin da ɗanta ya faɗi, cike, yana ƙyalli, da rubutun hannuna a jiki. Ko ba a tsare ta ba, ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. Idan kuma aka tsare ta, da wane ido zan kalli kowa?

Kada ku ce ban gwada ba. Na farko na kira Stratford na gaishe da Hajiya, ina durƙushe a kicin da waya a kunne kamar tana ganina, na ce saƙon nan a bar shi kawai, ya yi nauyi, zan aika ta hannun wani. Ta ce haba ɗan nan, ai ta riga ta kira Kawu ta yi masa albishir, har ya yi ta sa mini albarka yana cewa dama ya san ban manta da shi ba, ta ce ko a ka ne za ta ɗauka ta kai masa. Na ce to Hajiya, Allah ya saka. Abin da na iya cewa ke nan, to da Allah ya saka.

Jiya na yi ta maza na zaunar da maiɗakina, na ce abin da ke cikin gwangwanin nan kwanson harsashi ne. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce ai bam ne ma, kurar council ce ta ba ka ajiya. Na rantse, ta ce ranar da na ce an gayyace ni fada gyaran boiler ma rantsuwa na yi. Da na nace sai fuskarta ta canza, ta ce wasa yana da iyaka, in yi da duk abin da na ga dama amma kada in sake haɗa sunan mahaifiyarta da harsashi, ko na manta yadda aka kawo gawar Yaya? Ta fashe da kuka. Ni kuma maimakon in ja ta in nuna mata injin, sai na tsorata na ce yi haƙuri wasa nake. Da bakina na ce wasa nake. Har yanzu ba ta yi mini magana ba.

Ba tambaya nake ko in bari ta tafi da shi ba, wannan ba zai yiwu ba, ko da kwanciya zan yi a gaban motar Dokta. Abin da na rasa shi ne ta wace ƙofa zan shiga. In koma wa maiɗakina da Tsoho da lasisinsa a matsayin shaida, ta san wata guda ina wanke kayan bindiga a gidanta ina mata ƙarya? In kira Dokta, wanda tun ranar ɗaurin aure yake kirana ɗan kama, shi ma makullin ba a hannunsa yake ba, dole sai ya tambayi uwarsa, ita kuma dole ta ce don me? Ko in je in durƙusa gaban Hajiya da kaina, matar da shekara ashirin da biyu ban taɓa haɗa ido da ita ba, in ce ta ciro makulli daga wuyanta? Shaiɗan ma ya raya mini in ce zan kai akwatin a naɗe shi da leda, in ɓalle kwaɗon a hanya in musanya da alewa ta gaskiya, to wannan kuma ƙarya ce a kan ƙarya, kuma idan aka kama ni na zama mai fasa akwatin suruka.

Akwai hanyar da za a ciro gwangwanin nan ba tare da Hajiya ta ga abin da ke ciki ba? Wa zan fara tunkara, kuma da wace kalma zan buɗe baki? Iyaye mata na wannan gida, ku da kuka san zuciyar uwa, ku na fi so in ji. Gobe bayan sallar Juma'a zan hau tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, zuwa Stratford ko da shawara ko babu, amma na fi so in je da ita.

Kuma don Allah kada kowa ya sa mini alamar dariya a ƙarƙashin wannan rubutun. Shekara da shekaru ina roƙon mutane su yi dariya, yau mutum ɗaya nake nema da zai ji maganata ya yarda.