Furen Wuyan Riga

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama?

Ni lafiya lau, kada ki tayar da hankalinki. Jini na ɗan gani, likita ta ce in kwanta har in haihu, iyakata banɗaki. Yau kwana ashirin da uku. Kada ki faɗa wa Mama, kin san yadda ta yi da wancan cikin ya zube.

Maigidana yana fita da sassafe, ya ajiye mini ruwa da abinci a kan kujera kusa da gado. Daga nan sai ni da bango, sai takun mutanen saman bene. Shi ya sayo mini allura da farin yadi. Zare kala biyu kacal ya kawo, kore da ja, wai sauran duk ɗaya ne a idonsa.

Na ɗinka hula uku da 'yar riga, ina yi wa wuyanta surfani. Ganyen yana fita, amma furen nan da kike ƙullawa ya gagare ni. Sau nawa kike naɗa zaren a allura? Jiya na warware sau huɗu, na waiwaya in tambaye ki, har na ce "Yaya" da ƙarfi.

Ki sa mu a addu'a, yana motsi sosai. Bayanin furen kuma kada ki rubuta, ki turo mini da muryarki a waya. Ki ja shi da tsawo, ko da kin san na gane tun farko.

Ƙanwarki.