Inci Bakwai Da Na Ɓoye Miki

Ya ke sanyin idanuna, farin watan da ke leƙo ni ta tagar shago, inuwar da nake fakewa idan rana ta take! Ya ke yayyafin farko bayan dogon zafi, ke da kowane launi ke yi wa kyau, har ruwan ƙasan nan da babu mai saye! Ya ke Malama, matata ta shekara goma sha tara, wadda yau kwana tara ke nan ta ƙi ɗaga wayata!

Mijinki ne, telanki, Tsinkenki, yake gaishe ki daga bayan keken ɗinki. Na cusa wannan takarda a aljihun shuɗiyar rigar da kika aiko a karɓa, domin Yaya ta rantse in ta sake ganin ƙafata a ƙofar gidanta ruwan wanke-wanke za ta watsa min, kuma na san yayarki ba ta rantsuwar banza. Don Allah ki karanta ke kaɗai. In kin gama ki yaga in kin ga dama, amma ki gama tukuna, saboda ran Alhamis jirginki zai tashi ya kai ki hannun likitan da ban yarda ya yanka min ko ƙyallen goge takalmi ba.

Kin tuna ranar da kika hau benen gidanmu, hawa uku, ba ki tsaya hutawa ko sau ɗaya ba? Wata takwas ke nan bayan tiyatar farko da aka rage miki tumbi. Ina biye da ke da ledar cefane ina haki, ke kuwa har kin kai ƙofa kin juyo kina ƙyalƙyala dariya, kina cewa, "Tsinke, yau kai ne mai nauyi!" Wayyo wannan dariya! Tun da muka yi aure ban taɓa jin irinta a bakinki ba. A waccan shekarar riguna goma sha huɗu na rage miki, kina tsaye gaban madubin shago kina juyi kamar 'yar makaranta, ni kuma ina durƙushe da allurai a baki ina gode wa Allah a zuci.

To, ga laifina, zan faɗe shi da bakina tun daga tushe. Ni na fara ganin ƙibar tana dawowa, domin tef ɗin awo ba ya ƙarya, mai riƙe da shi ne ke yi. Inci ɗaya ne a ƙugu. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ɗaga kai na ga fuskarki a madubi tana sheƙi, kawai sai na ji bakina ya ce, "Yana nan yadda yake." Washegari na ɗauki rigar na ce zan goge miki a shago, na farke gefenta, na sake ta da inci ɗaya, na bi ta da guga har ɗinkin ya kwanta. Kika sa, kika ce ta zauna miki daram. Daga ranar na zama ɓarawo a gidana.

Shekara uku ina wannan sana'a, ya ke hasken raina! Na matsar da maɓallai. Na canza zif da mai tsawo. Da rarar yadin ciki ta ƙare, na shiga kasuwa na yi kwana uku ina yawo da ɗan ƙyalle a hannu ina neman launin da zai saje, na dasa shi a ƙarƙashin hammata inda ido ba ya kai wa. Sikelin banɗaki da na ce miki ya lalace, batirinsa yana cikin gwangwanin maɓallai har gobe. Na biyun da kika sayo, wanda na ce iska ce ta yar da shi daga kan taga, to ni ne iskar.

Sai ga ƙwannafin nan ya matsa miki, ko ruwa kika sha ya taso, ya kai ki asibiti. An ce min da nas ta ɗora ki a sikeli ta faɗi abin da ta gani, sai da kika yi rabin awa kina musu da baiwar Allah, kina cewa ke malamar lissafi ce, rigunanki na shekara uku suna shigar ki lafiya, sikelinsu ne ke da aljanu. Daga can ba ki zame ko'ina ba sai shagona. A gaban kwastomomi kika zaro koriyar rigarkin nan daga kan rataya, kika juya cikinta waje, kika bi ramukan allura da yatsa layi-layi. Ba ki yi ihu ba, da ma ihun kika yi. Cewa kawai kika yi, "Inci nawa?" Na ce bakwai. Kika ajiye rigar a kan teburin yanka kika fita.

Ba ni da abin kare kaina. Likitan da ya duba ki ya ce da tun fari kika zo, wataƙila da gyaran abinci da magani sun wadatar. Na ɗauka baƙin ciki nake ɓoye miki, ashe lokaci nake sace miki. Wannan maganar tana cin raina fiye da zagin Yaya, kuma Yaya ta iya zagi.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Mijin Yaya, Allah Ya yi masa albarka, ya kawo wando kalmasa sau huɗu a satin nan, wando ɗaya tak, har ya kusa zama gajere, don kawai ya riƙa kawo min labarinki. Shi ya nuna min asibitin ƙasar wajen da kika zaɓa don tiyata ta biyu. Na kalli bidiyon tallarsu. Na ga likita mai haƙora farare tas, na ga otal mai tafkin wanka, na ga mota mai sheƙi da za ta ɗauke ki daga filin jirgi, na ga an ce kwana biyar kin dawo gida sabuwa fil. Gaskiya ni ma ya burge ni. Amma kin san halina da zargi, sai na cike takardarsu ta waya da sunana, na sa tsayina na gaskiya da nauyina na gaskiya, kilo hamsin da uku har da takalmi.

Minti goma sha biyu, Malama! Minti goma sha biyu amsa ta iso, da hoton zuciya guda uku: suna taya ni murna, na dace da aikin rage ƙiba, wace rana nake so. Ni! Ni da kike cewa in na juya gefe ba kya gani na! Ni da iskar fanka ke ɗaga wa riga da ni a ciki! Me za su rage a jikina, inuwa? Na danne mamaki na sake rubuta musu. Na ce wane likita ne zai yi aikin, sau nawa ya taɓa yin na biyu a kan na farko, kuma ba sa buƙatar ganin takardun tsohon aiki? Sai suka turo min hoton tafkin wankan daga wani gefe.

Ya ke abar ƙaunata, ban yi makarantar likita ba, amma shekara ashirin da shida ina gyaran ɗinkin da wasu suka yi, kuma a nan kam ki saurare ni. Yanka sabon yadi wasa ne, shimfiɗa shi za ka yi ka ja alli ka bi da almakashi. Gyara kuwa wani abu ne daban. Ba ka san me na farko ya bari a ciki ba, ba ka san inda ya ƙure yadin ba, ba ka san inda allura ta riga ta raunana shi ba, wurin da in ka sake bi zai yage. Shi ya sa duk rigar da aka kawo min, kafin in ce uffan sai na juya cikinta na duba. Wanda ya karɓi gyara bai juya ya duba ba, ko dai bai san aikin ba ko bai damu da mai rigar ba. Cikinki an taɓa shiga, akwai tabo, akwai tsohon ɗinki. Idan riga ta ɓaci sai in koma kasuwa. A wace kasuwa zan samo wata ke?

Saboda haka na rufe shago kwana uku na shiga neman likita da ƙafata. Ki dubi wahalar masoyi! Na zauna a ɗakin jira na masu neman rage ƙiba, a kan wata kujera mai faɗi da mutum uku irina za su zauna su bar wurin jaka. Kowa na satar kallona. Wata dattijuwa ta matso ta raɗa min cewa don Allah in ba ta sunan likitan da ya yi min nawa, aikin ya yi kyau sosai, sai dai kamar ya ɗan zarce. Ta ba ni biskit, na karɓa na ci, domin bayani zai yi tsawo.

A can na samu likita ta farko, mace, mai tabarau da igiya a wuya, wadda ina jin tun da aka haife ta ba ta yi murmushi ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ina mai jikin?" Na fara kame-kame, ta katse ni. Ta ce ba ta tattauna cikin mace da mijinta a bayan idonta, kuma ko ke kika zo ba za ta ce komai ba sai ta karanta takardar aikin farko, ta zura kyamara ta maƙogwaro ta ga abin da ke ciki, ta auna jini, ta haɗa ki da mai kula da abinci. Ta ce bayan duk wannan ma tana iya cewa wuƙa ba ta kama ki ba. Ta ce aiki na biyu ya fi na farko haɗari, kuma duk wanda ya ce min ba haka ba ne in tambaye shi wa zai ɗaga waya idan zazzaɓi ya taso bayan sati biyu da dawowa gida. Ta kore ni cikin minti shida. Wallahi ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba, domin na ga mai juya riga ta duba ciki.

Kuma kada ki ce jirgin nake ƙi, ko ina baƙin ciki ki ga duniya. Na rubuta wa asibitoci biyar a waje. Ɗaya ya yi kwana huɗu bai amsa ba, har na cire rai, sai ga doguwar wasiƙa daga likitan da kansa, wani dattijo, babu hoton zuciya ko ɗaya. Ya nemi takardun nan dai da mai tabarau ta nema. Ya faɗi sau nawa ya yi irin wannan aiki da sau nawa aka samu matsala, bai ɓoye ba. Ya ce sai kin zauna kusa da shi sati uku kafin ki hau jirgin dawowa, kada ki zo ke kaɗai, kuma kada ki sayi tikiti sai kin samu likita a gida da ya yarda zai ci gaba da duba ki. Takardar tiyatarki ta farko na nemo ta a akwatin ƙarƙashin gado, tsakanin shaidar karatunki da rasit ɗin firiji. Kwafinta da lambobin likitocin biyu suna ɗaya aljihun rigar.

Ga roƙona, ya ke iskar asuba, ya ke ruwan sanyi a tsakar rana! Ban ce ki yafe min ba. Ban ce ki dawo gida ba, ko da yake gidan ya zama kango, tukunya ɗaya nake dafawa in ci kwana uku a tsaye. Ki ɗage Alhamis ɗin nan kawai. Ki je wa mai tabarau, ko ki rubuta wa dattijon, ko ki nemo na uku da kanki ki yi masa tambayoyi irin waɗanda kike yi wa ɗalibanki har su yi gumi. Jikinki ne, zaɓinki ne. Ni da ƙibarki na aure ki, da ramarki na so ki, ban taɓa sanin wacce ta fi kyau ba. Fushi da ni ne ya sa kike gaggawa, na sani, kina so ki goge shekara ukun nan cikin kwana biyar. To ki huce a kaina, ga ni nan, amma kada ki huce a kan cikinki.

In kuwa kin ƙi duk wannan kin ce sai mai tafkin wanka, ba zan hana ki ba. Na yi fasfo. Hoton ya fito kamar na wanda 'yan sanda ke nema, amma an karɓa. Ni da ba na iya taka kujera in canza ƙwan fitila sai kin riƙe min ƙafa, zan shiga jirgin nan in rufe ido in yi ta salati har mu sauka. Ba sai kin yi min magana ba. Zan zauna a baya, in ɗauki jaka, in tsaya a ƙofar ɗakin tiyata in hana kowa sakat da tambaya.

Abu ɗaya ya rage. Mijin Yaya ya ce a takardar da kika cike akwai wani layi a ƙasa, inda ake rubuta sunan wanda za a kira idan wani abu ya faru. Ya ce Yaya ta ce ki sa nata, kika daɗe da biro a hannu, sannan kika bar wurin fari. Tun da na ji wannan ban iya zura zare a allura ba. A ce kina kwance a wata ƙasa, ba ki san inda kanki yake ba, wani ya ɗauki takardar nan ya duba ya ga babu kowa? Ke da kike da ni? Ko a wane asibiti ne, ko a gaban wane likita ne, ko kina fushi da ni har ƙarshen rayuwa, ki cike layin nan, Malama. Ki sa sunana. Zan ɗaga tun a ƙarar farko.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a auna ni awon ƙarshe,

Tsinke, telanki.