Gefen Glenys Ya Fi Nawa Kyau

Anti Muriel,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana. Abokaina na mashaya dariya za su yi mini har su ƙware, faston cocinmu kuwa matarsa aminiyar matata ce. Shekarata sittin da ɗaya, kuma kishin matata nake yi. Kar ki ɗauka wani namiji ne a zancen. Hannunta nake wa kishi.

Sana'ata ƙera bodin tsofaffin motocin tsere da alminiyam, da hannu. Mutum zai kawo inji da ƙashin mota, bodin ya ragargaje tun kafin a haife ni, sai hotuna biyu ko uku da suka koɗe. Mu haɗa ƙwarangwal na katako daidai siffar motar, mu yanko falle, mu goga masa sabulu mu bi shi da wuta har sabulun ya yi baƙi, alamar ƙarfen ya yi laushi ke nan. Daga nan sai guduma, sai injin murza, a tura a jawo, a tura a jawo, har fallen ya kwanta a kan katakon ba tare da an matsa masa ba. Shekara arba'in da huɗu ina wannan, kuma ba yabon kai ba, a yankinmu in ana lissafi da ni ake farawa.

Matata Glenys ɗinki ta iya. Ita ke ɗinka kujerun fata na motocin a wani ɗan ɗaki bayan garejin. Shekara tara da suka wuce maigidana Cyril, wanda ya koya mini aikin, ya rasu, babban falle kuma mutum ɗaya ba ya iya murza shi, dole wani ya riƙe ɗaya bakin. Na kira ta na ce riƙewa kawai za ta yi, kar ta ja, kar ta tura. Ba a yi wata guda ba ta dube ni ta ce, "Tsoho, wannan ai ɗinki ne, allura ce kawai ba ta shiga." Na yi dariya a ranar, yanzu kam na daina.

Ni na koya mata, Anti, da hannuna. Har alfahari nake da ita a gaban mutane, irin alfaharin da ba ya ci maka komai saboda ka san kai ne a sama. Da ta ƙware muka koma tsarin mutanen da, mota ɗaya mutum biyu, ni gefen hagu, ita gefen dama. Shi ya sa motar da aka ƙera da hannu ba ta taɓa zama daidai gefe da gefe, kowane ɓangare da halin mai shi.

To bara wani dattijo, Mista Pargeter, ya kawo mana motar da yake mafarkinta tun yana ɗan makaranta. Wata goma sha ɗaya muna kanta. Da aka kusa kai ta fenti ya zo dubawa, ya sa safar hannu ta auduga, ya rufe ido yana bin jikin motar da tafinsa, domin hannu yana gano abin da ido ya tsallake. A gefena ya ce aiki ya yi kyau. Da ya zagaya gefenta sai ya daɗe yana shafawa, ya buɗe ido ya ce, "Duk wanda ya rufe wannan aikin da fenti ya yi zunubi." A nan take ya yanke cewa motar tsirara za ta fita, ƙarfe zalla. Gefena kuwa akwai wuri biyu da na bari da niyyar foti, ƙullin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, ya rufe su, kamar yadda kowa ke yi. Dole na sake su, kuma Glenys ce ta riƙe mini ɗaya bakin fallen, ba ta ce uffan ba. Da ta yi mini gori da na fi jin sauƙi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ita yake so ta yi murfin inji. Murfin inji na babba ne, ko Cyril sai da na shekara goma sha biyu a ƙarƙashinsa kafin ya bar mini shi.

Daga ranar na zama wani mutum da ni kaina ba na so. In ta kawo shayin ƙarfe goma sai in ce ya yi sanyi. In baƙo ya shigo ya nufi gefenta, sai in ta da injin da ya fi kowanne ƙara. Ranar Juma'a da muka saba cin kifi da dankali a kan benci ɗaya, yanzu a cikin mota nake cin nawa. Sau uku na ce na ga aibu a aikinta, sau uku ana ɗauko ma'auni, sau uku ita ce da gaskiya. A na ukun ta ajiye guduma ta ce, "Tsoho, ka ji ni da kyau. Ka ƙara na huɗu, na koma ɗakin ɗinkina, kuma ko ƙusa ba zan sake ɗauka a garejin nan ba." Ba ta ɗaga murya ba, idonta ne kawai ya cika. Ni kuma, tunda gaskiya na zo faɗa, wani ɓangare na zuciyata cewa ya yi Allah ya sa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Talatar da ta wuce ta tafi wurin likitan haƙori, na tsaya ni kaɗai da motar. Na bi murfin da gaɓar yatsa ina ƙwanƙwasawa, yadda Cyril ya koya mini. Ko'ina amo ɗaya yake bayarwa, sai kusa da inda aka kafa maɗaurin fata na dama da ke riƙe murfin, nan na ji ya canza, kamar gwangwanin kifi. Ƙarfen da aka murza ya wuce kima sirancewa yake yi ya taurare, in girgiza ta yi yawa ya tsage. In ya tsage a wurin maɗauri mota tana gudun mil ɗari, murfin gaba ɗaya tashi zai yi ya rufe fuskar direba. Motar ba ta da rufi, Mista Pargeter da kansa zai tuƙa ta, shekararsa saba'in, saura sati uku kuma ya shiga tsere da ita.

Kin san abin da na fara ji? Daɗi, Anti. Wallahi daɗi na ji har cikin ƙashina, sai daga baya tsoro ya biyo. Washegari na sake ƙwanƙwasawa ban ji komai ba. Ranar Alhamis na ji. Kunnena na hagu dama guduma ta daɗe da cinye shi. Yanzu ban san ko kunnena ne ke ji ko hassadata ce ke ji ba. Ba kuma yadda za a auna kaurin wurin sai an huda ribit huɗu, wato ƙusoshin da suka manne ƙarfen maɗaurin, an cire shi, kuma da kallo ɗaya za ta gane an taɓa.

Akwai wani abu kuma. Muna da al'adar karce suna a cikin falle, inda ba mai gani sai wanda zai buɗe motar bayan shekara hamsin. Da na ɗaga murfin na leƙa can wani lungu daga cikinsa, na ga ta rubuta sunanta, a ƙasa ta sa "ɗalibar" da sunana. Ni ban taɓa sa sunan Cyril a aikina ba sai bayan da muka binne shi. Wato ta gama da ni ke nan, ina raye ina numfashi?

Na yi tunanin in yi shiru, in ce dama kunnena ba abin dogaro ba ne. Na yi tunanin ranar Lahadi in ta tafi wurin yayarta in cire ribit ɗin, in da matsala in yi faci daga ciki in mayar. Na yi tunanin in buga wa Mista Pargeter waya, amma na san da wace murya zan yi maganar, kuma ba na son muryar. Shekara talatin da shida muna tare da matar nan, ban taɓa jin tsoron yi mata magana ba sai yanzu. Me zan yi?

Mai Gefen Hagu, daga Shropshire

*

Mai Gefen Hagu,

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Shiru ba ya cikin zaɓinka, ka cire shi. Ran dattijo ne a gefe guda, ribit huɗu a ɗaya gefen. Ko da sau ɗaya cikin goma ne kunnenka ke da gaskiya, sai an buɗe wurin nan, kuma a cikin satin nan, don in gyara ya kama a samu lokacin yinsa.

Ka ce ba ka san ko kunnenka ne ko hassadarka ba. Ni ma ban sani ba, kuma zaman tunani ba zai gaya maka ba. Mai hassada ma yakan ji gaskiya wani lokaci. Ma'auni ne zai raba gardamar, shi ba ruwansa da wanda aka yaba.

Facin ranar Lahadi kuwa, kar ka soma. Kana ganinsa kamar rufa mata asiri, alhali ɗauke mata aikinta ne a bayan idonta, kai kuma ka samu abin riƙewa a zuci har ƙarshen rayuwa. In ta gano, kuma za ta gano, abin da ya fi guduma za ta ajiye. Wayar Mista Pargeter ta fi wannan muni, ka riga ka faɗi dalili da bakinka.

Ban ɗauki zafin da kake ji da wasa ba. Mutumin da ya shekara arba'in da huɗu ana farawa da sunansa, a wayi gari baƙo ya rufe ido ya zaɓi wani a gabansa, dole ya ji ciwo, kuma murfin da ka jira shekara goma sha biyu ba ƙaramin abu ba ne a wurinka. Daɗin nan da ka ji ranar Talata mummuna ne, amma da kai mugu ne da ba ka rubuto shi ba. Sai dai ka dubi nata ɓangaren. Ba ta ƙwace maka komai ba. Ka kira ta ta zo, ka koya mata ta iya, iyakar laifinta ke nan. Sau uku ka sa ta tsaya a gaban ma'auni kamar wadda ake tuhuma, kuma ta riƙe maka falle ranar da kake gyara naka kuskuren. Gargaɗin da ta yi maka na wadda ta gaji ne.

Batun sunan, ka taɓa gaya mata cewa sai mamaci ake rubutawa? Daga wasiƙarka wannan dokarka ce kai kaɗai, a zuciyarka take. Abin da ni na gani shi ne mace ta yi aikin da ya fi kowanne a rayuwarta, ta samu wurin da ba mai gani, ta sa sunanka a ciki. Ba don Mista Pargeter ta yi ba, shi ba zai taɓa leƙa wurin ba.

Ga yadda za ka yi. Ka zaɓi lokacin da ba kowa a garejin, ka kawo shayin da kanka. Kar ka fara da murfi, ka fara da kanka. Ka gaya mata a fili cewa kishinta kake yi tun ranar safar hannun nan, cewa sau ukun nan kishi ne ya yi magana, kuma ka ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba. Sannan ka ce akwai wurin da ya tsaya maka a rai, ba ka yarda da kunnenka ba, kana so nata kunnen ya ji. Ita za ta huda ribit ɗin, ita za ta riƙe ma'aunin. In wurin lafiya yake, ka ce alhamdu lillahi da ƙarfi yadda za ta ji. In ya sirance, ita za ta gyara abinta, kai kuma ka riƙe mata ɗaya bakin fallen ka rufe bakinka, yadda ta yi maka.

Ba zan yi maka alkawarin ba za ta yi fushi ba. Tana iya ƙirga wannan a matsayin na huɗu ta shige ɗakin ɗinkinta, kuma in haka ta faru kai ka jawo, sai ka yi ta lallashi. Ko da hakan, murfin sai an auna shi kafin motar ta bar garejin. Amma akwai abin da zai nuna mata wannan karon daban ne. Kafin ka nuna mata wurin, ka kai ta gefen hagu, ka ce ta bi aikinka da yatsa daga gaba har baya, duk abin da ta ji ta faɗa maka. Shekara tara kana duba nata, ba ka taɓa ce mata ta duba naka ba.

Allah ya sa a yi tseren lafiya dattijon ya koma gida da ƙafarsa, ku kuma ya mayar da ku benci ɗaya ranar Juma'a.

Anti Muriel