Ka Ɗaga GPS Ɗin Sama

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya iyali, ya shagon gyara?

Na ga hoton jirgi maras matuƙi da ka haɗa, kuma na gano abin da ke sa shi tangaɗi a sama. Ka manna GPS ɗin, na'urar gane wuri, a jikin wayoyin batir don aiki ya yi kyau a ido, yadda ka saba shirya cikin rediyo. To, akwai kamfas mai nuna alƙibla a cikinsa, wutar wayoyin ce ke ruɗa shi. Ka ɗaga shi a kan ɗan sanda, nesa da su. Ƙwaƙwalwar jirgin kuwa ka mayar da ita tsakiya, a kan soso, kibiyarta tana kallon gaba.

Ni lafiya lau nake. In ka ga rubutuna ya karkace, da hagu nake yi. Farfelar jirgi irin naka ce ta ɗan taɓa ni a hannun dama a wurin aiki. Likita ya ce sauran yatsun sun isa riƙe sukudireba. Kada Inna ta ji.

Kafin ka jona batir don gwaji, ka kwance farfelolin. Kar ka ce ai minti ɗaya ne, Yaya. Ka kwance su.

Allah ya tsare.

Ƙanenka